Solisita ko barista: wane lauya zan nema kafin in biya kuɗin gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana da ke zaune a Ingila zai turo kuɗi in saya masa gida a Kano, ya ce kada in biya ko kwabo sai na nemi solisita. Ni barista na sani. Mai gidan kuma ya ce ba sai na wahala ba, lauyansa zai rubuta mana takarda. Shin solisita daban ne da barista? Mene ne aikinsa, kuma in ya cuce ni ina zan kai kuka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yayanka ya ba ka shawara mai kyau, sai dai ya faɗe ta da harshen ƙasar da yake zaune. A Ingila aikin lauya kashi biyu ne. Solisita shi ne wanda ake fara zuwa ofishinsa. Shi zai saurare ka, ya ba ka shawara, ya rubuta yarjejeniya ko wasiyya, ya bi maka cinikin gida daga farko har ƙarshe, ya riƙe kuɗin ciniki a hannunsa har a kammala. Barista kuwa gwanin tsayawa gaban alƙali ne, kuma a al'adarsu solisita ne yake ɗauko shi idan magana ta kai manyan kotuna. Horonsu daban, hukumomin da ke sa musu ido ma daban. Maƙwabtanmu na Nijar, da suka gaji tsarin Faransa, su ma suna da irin nasu rabon: mai kare mutum a kotu daban, mai rubuta takardun ciniki da ake kira notaire daban.

A Najeriya ba a raba ba. Tun bayan dokokin 1962, wanda ya gama digirin shari'a a jami'a, ya wuce Makarantar Horon Lauyoyi, wadda hedkwatarta ke Bwari kuma take da reshe a Bagauda, aka rantsar da shi, aka sa sunansa a kundin Kotun Ƙoli, ya zama barista kuma solisita lokaci guda. Ke nan baristan da ka sani yana da ikon yin duk abin da yayanka yake nufi. Amma iko daban, gwaninta daban. Akwai lauyan da ya shekara goma yana kare waɗanda ake tuhuma da laifi, bai taɓa bin fayil ɗin fili har ya fito da amincewar gwamna ba. Tambaye shi kai tsaye: ciniki nawa irin wannan ya kai ƙarshe, kuma yaushe rabonsa da ofishin filaye na Kano, wato KANGIS? Lauyan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ka kuma tabbatar lauyan ne da gaske. Kowane lauya yana da lambar rajista ta Kotun Ƙoli, kuma duk takardar da ya rubuta dole ta ɗauki hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, mai ɗauke da sunansa da lambarsa. Sa hannun kuma na mutum ake so, ba na ofishi ba. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi, domin kamfani ba ya cikin kundin. Doka ta kuma hana wanda ba lauya ba ya karɓi lada don rubuta takardar mallakar gida ko fili. Mai buga takardu a bakin kotu zai cike maka tsohon samfuri cikin minti ashirin, amma ranar da rikici ya tashi ba ka da wanda za ka kama.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna a tambayarka, wato tayin mai gidan. Kada ka karɓa. Ba don lauyansa mugu ne ba. Tushen aikin lauya amana ce ga wanda ya ɗauke shi, kuma a cinikin nan buƙatarku ta saɓa. Mai sayarwa yana son kuɗi su shigo da wuri, alkawuran da zai ɗauka kuma su yi kaɗan. Kai kana son a jinkirta biya har a gama bincike, a kuma ɗaure shi da sharuɗɗa. Ka ƙaddara lauyan nan ya san akwai wata ƙanwar mai gidan da ke Zariya wadda ba ta yarda a sayar ba. In ya faɗa maka, ya tona asirin wanda ya ɗauke shi. In ya yi shiru, ya bar ka ka faɗa rami. Taura biyu ba ta taunuwa. Ƙa'idojin ɗa'ar aikin lauya, na 2007 da na 2023 da suka maye gurbinsu, sun wajabta wa lauya ya bayyana duk wata alaƙa ko maslaha da yake da ita a cikin lamari tun ranar farko, kuma bai halatta ya wakilci ɓangarori biyu masu karo da juna ba sai kowannensu ya san haƙiƙanin abin da ake ciki ya amince. Ko da an amince, a ra'ayina gidan miliyoyi bai cancanci wannan tsimi ba.

Abin da naka lauyan zai fara yi shi ne bin asalin mallaka. Tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake da shi haƙƙin zama ne, wanda a birni galibi ake bayarwa na shekara 99 da takardar da kowa ya sani da C of O. Lauya zai karɓi kwafinta da duk takardun cinikin da suka biyo bayanta, ya jera su kamar salsala: gwamnati ta ba wane, wane ya sayar wa wane, har a iso kan wanda yake gabanka. Duk inda aka sami giɓi, nan matsala take. Sai ya nemi binciken fayil a ofishin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Abin da yake nema a fayil ɗin sanannu ne: sunan wa ke kai yanzu, an jinginar da gidan a banki, akwai wanda ya shigar da takardar gargaɗi, an soke mallakar don aikin gwamnati, nawa ne bashin harajin ƙasa da ya taru, kuma filin na zama ne ko na kasuwanci.

Ga wani abu da ake yawan gani. Mai gida ya kawo fotokwafin C of O tsaf, ya ce ta asalin ta ɓace a gobara ko a ƙaura, ga takardar rantsuwa daga kotu da rahoton 'yan sanda. Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuwa takardar tana cikin akwatin banki ko hannun wani mai ba da rance. Lauyan da ya san aikinsa ba zai bari a biya cikon kuɗi ba sai ya ga ta asali da idonsa, ko ya ga cikakken tarihin neman sabuwa a fayil ɗin gwamnati.

Binciken takarda kaɗai cinikin biri a sama ne. Dole lauya ya taka ƙafa ya je gidan, zai fi kyau tare da safiyo, a gwada lambobin duwatsun iyaka da abin da ke jikin taswira. Yana faruwa takarda ta zama sahihiya amma ta fuloti na gaba ce, ko katanga ta ci mita biyu daga hanyar gwamnati. Zai tambayi wanda ke zaune a ciki: kai ɗan haya ne, wa kake biya, yaushe kuɗinka zai ƙare? Zai gaisa da maƙwabta da mai unguwa, domin su suka san ko an taɓa sayar da gidan ga wani, ko ana shari'a a kansa. Sa hannun mai unguwa ko dagaci a matsayin shaida yana da amfani, amma ba ya zama madadin rajistar gwamnati.

In gidan gado ne, aikin ya ninka. Babban ɗa ba shi da ikon sayar da rabon 'yan'uwansa don kawai shi ne babba kuma takardu suna hannunsa. Lauya zai nemi hukuncin rabon gado daga kotun shari'a, ya ga wa gidan ya faɗa wa. In ba a raba ba, sai kowane magaji ya sa hannu ko ya ba da wakilci a rubuce, har da matan mamaci da 'ya'ya mata da suka yi aure a wasu garuruwa, waɗanda su ne aka fi mantawa da su kuma su ne suke dawowa da ƙara bayan shekara biyar. In akwai marayu ƙanana, a sami izinin kotu kan rabonsu. In kuma kamfani ne mai sayarwa, sai a bincika a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a ga su waye daraktoci kuma ko an ɗora bashi a kan kadarorinsa.

Bayan duk wannan, haƙƙinka ne ya ba ka rahoto a rubuce: ga abin da na gani, ga haɗarin da ke ciki, ga shawarata. In shawarar ita ce ka janye, wajibinsa ne ya faɗa ko da ranka zai ɓaci, ko da dillali yana tsaye a ƙofa yana cewa akwai wani Alhaji da zai biya gobe. Yanke hukuncin saye naka ne. Faɗar gaskiya nasa ne.

Sai rubutu. Yawanci takarda biyu ce. Ta farko yarjejeniyar ciniki, wadda take faɗin farashi, kafin alƙalami, ranar cika kuɗi, ranar miƙa makulli, wanda zai biya bashin wuta da harajin baya, da abin da zai faru in wani ya saɓa. Ta biyu ita ce takardar miƙa mallaka. Nan ne mutane da yawa suke tsayawa, su sa takarda a akwati su ce an gama. Ba a gama ba. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a miƙa haƙƙin zama na birni sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da banki ya karɓa saboda ba a nemi wannan amincewa ba. In banki da lauyoyinsa sun yi asara a kan wannan, ina ga ɗan kasuwa. Don haka aikin lauya ya haɗa da neman amincewar gwamna, biyan harajin hatimi, da yin rajistar takardar a ofishin filaye. Rajista ce take sanar da duniya gidan ya sauya hannu. In maƙetacin mai gida ya sayar wa mutum biyu, na biyun bai san da ciniki na farko ba kuma ya riga yin rajista, na farkon yana iya wayar gari da takarda a hannu ba gida.

Wasu za su ce maka a yi takardar wakilci kawai, wai ta fi sauƙi da araha. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 cewa takardar wakilci ba ta miƙa mallaka, izini ne kawai na yin abu a madadin wani. In lauya ya ba ka wannan hanya, ya faɗa maka iyakarta a rubuce.

Maganar kuɗi ita ce inda aka fi kama lauyoyi da laifi. Ƙa'idojin ajiyar kuɗi na 1964 sun wajabta wa lauyan da ke karɓar kuɗin mutane ya buɗe musu asusu na musamman a banki, daban da asusun ofishinsa da na aljihunsa. Kuɗin ciniki da ka ba shi amana ne. Bai halatta ya biya hayar ofis da su ba, ko ya ranta wa wani, ko ya juya su na mako biyu da niyyar mayarwa. Niyyar mayarwa ba ta wanke shi. Kafin ka tura, tambaye shi sunan asusun, ka karɓi rasit, ka rubuta masa sharaɗin sakin kuɗin: kada a ba mai gida sai an sa hannu an miƙa takardun asali. Kada kuma ka yi mamaki in ya nemi katin shaidarka da bayanin inda kuɗin suka fito, ko ya ƙi karɓar tsabar kuɗi a jaka. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta hanyar banki. Lauyan da ya kawar da kai daga wannan don ya faranta maka rai, shi ne wanda zai kawar da kai daga wani abin ranar da ya shafi kuɗinka.

Sirri kuma, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk abin da ka faɗa wa lauya a kan aikin da ka ba shi ba zai fitar ba sai da izininka, ko da a gaban alƙali ne, kuma wannan nauyi yana nan ko bayan kun rabu. Dokar Shaida ta 2011 ta tanadi haka, ta kuma haɗa da magatakardansa da tafintan da ya fassara tsakaninku. Saboda haka faɗa masa komai, har abin da kake jin nauyin faɗa. Amma kariyar ba ta rufe shirin aikata laifi. Wanda ya zo wa lauya da buƙatar a mayar da kwanan watan takarda baya, ko a rubuta farashin ƙarya don a rage haraji, ba shi da wannan mafaka, kuma dole lauyan ya ƙi.

Nan ne iyakar biyayyarsa gare ka. Lauya wakilinka ne, amma ma'aikacin kotu ne kafin nan. Ba zai yi wa alƙali ƙarya don kai ba, ba zai koya wa shaida abin da zai faɗa ba, ba zai ɓoye hukuncin babbar kotu da ya san ya saɓa wa matsayinka ba. Ba zai tuntuɓi abokin hamayyarka a bayan lauyansa ba. Ba zai sayi abin da ake shari'a a kansa ba, ba zai tsaya belin wanda yake karewa ba. An kuma hana shi farautar aiki ta hanyar 'yan kamasho a ofishin 'yan sanda ko harabar kotu. Wanda ya ce maka ya san alƙali ko ya san wani babba a ma'aikata, a ƙara masa wani abu na sama, tashi ka bar ofishinsa.

Ladansa a yi shi a rubuce tun kafin a fara. A aikin filaye yawanci kaso ne na farashin gida, kuma akwai dokar 2023 da ta tsara mafi ƙarancin abin da lauyoyi za su karɓa. Abin da ke kawo rigima shi ne cakuɗa ladan lauya da kuɗin gwamnati. Ka ce a raba maka su layi-layi: wannan nawa ne na aikinka, wannan na bincike, wannan na amincewar gwamna, na hatimi, na rajista, kowanne da rasit ɗin gwamnati. Ka kuma tambaya ko ladan ya haɗa da bin fayil har rajista ta fito, domin wasu suna tsayawa a rubutu. In kun saɓa a kan kuɗi, ba zai iya maka ka a kotu ba sai ya ba ka takardar lissafi mai sa hannunsa wadda ta fayyace ayyukan da ya yi, wata guda kuma ya wuce. Kai ma kana iya neman Babbar Kotu ta duba lissafin. Sai dai ka sani yana da ikon riƙe takardun da ke hannunsa har ka biya halastaccen ladansa. Kana da ikon sauya lauya duk lokacin da ka so. Shi kuwa ba zai ajiye aikinka ba sai da dalili mai ƙarfi da sanarwa a kan lokaci.

In ya cuce ka, ƙofa uku ce, kuma ana iya bin su tare. Ta farko ladabtarwa. Ka rubuta koke, ka haɗa da takardar rantsuwa da kwafin rasit, saƙonnin waya da yarjejeniyarku, ka kai wa shugaban reshen NBA na garinku, ko Babban Jojin jiha, ko Antoni Janar. Ƙarshen maganar yana gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, wanda ke iya yi masa gargaɗi, ya dakatar da shi na wani lokaci, ko ya sa a goge sunansa daga kundin Kotun Ƙoli, yana kuma iya umartarsa ya mayar da kuɗi ko takardu. Ta biyu ƙarar diyya a Babbar Kotu in sakaci ya yi, misali ya ce ya yi bincike alhali bai yi ba, ko ya ga jingina a fayil bai faɗa ba. Doka ba ta yarda lauyan da aka biya ya rubuta sharaɗin da zai kuɓutar da shi daga alhakin sakacinsa ba. Sassaucin da doka ta yi wa lauyoyi, na kare su daga ƙarar sakaci, ya tsaya ga yadda suka gudanar da shari'a a gaban alƙali, bai shafi aikin ofis irin wannan ba. Ta uku, in kuɗin amana ya cinye, laifi ne na cin amana, sai 'yan sanda ko EFCC. Duk ukun takarda suke ci. Wanda ya miƙa miliyoyi hannu da hannu saboda tare suke sallah a masallaci ɗaya zai sha wuyar kafa hujja.

Akwai kuma abin da tambayarka ta ɗauka a matsayin ƙaramin abu, alhali babba ne. Mai sayen gidan nan yayanka ne, kai wakili ne. Saboda haka shi ne wanda lauyan yake wa aiki. Ya kamata lauyan ya yi magana da shi kai tsaye, ko ta bidiyo, ya ga fasfonsa, ya karɓi umarninsa a rubuce, ya riƙa tura masa rahoton bincike da lissafin kuɗi tare da kai. Kuɗin su fito daga asusun yayanka zuwa asusun amanar lauya, kada su bi ta naka. Takardar miƙa mallaka ta fito da sunansa kamar yadda yake a fasfo, harafi da harafi. In kai za ka sa hannu a madadinsa, ya yi maka takardar wakilci a can, a gaban jami'in tabbatar da takardu da ake kira notari, ta ambaci wannan gida da lambar fulotinsa da iyakar abin da aka ba ka izinin yi. Wannan kariya ce gare ka kamar yadda take gare shi. In an rubuta gidan da sunanka don sauƙi, ranar da ɗayanku ya rasu 'ya'yanku ne za su tsaya gaban alƙali, naka suna riƙe da takarda, nasa suna riƙe da rasit ɗin tura kuɗi daga Ingila.